SageMath ya ƙi haɗuwa a laftof ɗina, Error 2 kawai yake nuna min, dan Allah a taimaka

ɗan_aboabo:

Salamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Dan Allah masu Linux na cikinmu ku leƙo nan, abun ya fara ɗaure min kai. Ina digiri na biyu a lissafi a KNUST nan Kumasi, aikina a kan lambobin nan ne da za su iya zama girman filin alwatika mai kusurwa digiri 90 wadda duk gefunanta uku lamba ce cikakkiya ko ta kaso, kamar 6 da ke fitowa daga 3, 4, 5. Kafin ka san ko lamba n tana cikinsu sai ka duba lanƙwasar eliptik y² = x³ − n²x ka ga ko rank ɗinta, wata lamba da ake lissafa mata, ya wuce sifili, toh shine malamin da ke duba min aiki ya ce in sa manhajar lissafin nan SageMath a tawa na'urar in daina jiran layi a lab.

Laftof ɗin ta hannu ce, Core i5, ram 4GB, Ubuntu 24.04 na ɗora mata. Na buga `sudo apt install sagemath` ta ce ba ta san wannan kunshin ba. Sai na sauke sos ɗin Sage 10.4, wato ainihin rubutun manhajar da ba a haɗa ba tukun, wanda ya haura 1GB, na warware shi, `./configure` ya wuce lafiya lau, na sa `export MAKE="make -j8"` yadda na gani a wani bidiyo sannan na buga make, umarnin da ke haɗa shi. Tun bayan isha'i take gudu fanka na ta kuka, da asuba na tarar da wannan a ƙasa:

`Error building Sage.`
`make: * [...] Error 2`

Na sake bugawa ta sake tsayawa, wani lokacin ma maus ɗin ke daskarewa sai in ga taminal ya rufe kansa gaba ɗaya ba ko sallama. Wani aboki ya ce in goge komai in sake saukewa wai fayil ɗin ne ya lalace a hanya, amma kun san kuɗin data yanzu, ba na so in zubar da sidi a banza in ba shi ne matsalar ba. Menene Error 2 ɗin nan wai? Na bincika intanet kowa da tasa amsar.

Anti_Mamobi:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka goge komai tukun, bari mu gani.

Error 2 ɗin nan ba shi ne ciwon ba, make ne kawai yake gaya maka cewa wani aiki da ya tura can ƙasa ya dawo da gazawa, shi yasa in ka bincika shi kake ganin amsa dubu, ko wane irin kuskure da shi yake ƙarewa. Kuma da ka sa -j8 aiki takwas ke tafiya lokaci ɗaya, in ɗaya ya faɗi sauran sai sun gama abun da ke hannunsu, su yi ta zubo rubutu a kai, sai ainihin kuskuren ya haye can sama inda ido ba ya kaiwa. Abun da ake nema shine kuskuren farko, ba na ƙarshe ba.

Sage ya sauƙaƙa wannan. Ƙasan inda ya rubuta Error building Sage yana jero sunan kunshin da ya gaza da inda log ɗinsa yake, duk suna cikin folda `logs/pkgs/`. Ka duba sunan ka buga min:

`grep -n -i -m5 -E "error:|killed" logs/pkgs/sunan-kunshin.log`

sannan `free -h`. Ka kwafo rubutun ka liƙa nan, dan Allah ban da hoton sikirin da waya, ba a iya karanta shi da kyau kuma ba a iya kwafa. Ina da zargi tun da ka ambaci ram 4GB da daskarewar maus amma gara log ɗin ya faɗa da bakinsa.

ɗan_aboabo:

Na gode Anti. Sunan da ya nuna sagelib ne, ga abun da grep ya fito da shi:

`g++: fatal error: Killed signal terminated program cc1plus`

free kuma ya nuna ram 3.7Gi, swap ɗin ɗan kaɗan ne. Wa ya kashe shi toh? ni dai ban taɓa komai ba bacci nake.

Anti_Mamobi:

Yauwa, abun da na zata kenan. Fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, da ka goge ka sake saukewa da nan za ka sake tsayawa.

cc1plus shine ainihin kompaila na C++, wato mai juya sos zuwa firogiram, da g++ ke kira. Wanda ya kashe shi kuwa kanel ɗin Linux ne da kansa, in ram ta cika maƙil ba inda za a sa komai sai ya zaɓi wanda ya fi cin wuri ya kashe don na'urar ta tsira. In kana so ka gani da idonka buga `sudo dmesg | grep -i "out of memory"`, in kuma ka riga ka kashe ta ka kunna to `journalctl -k -b -1` zai nuna na kunnawar baya. Rufewar taminal ɗin ma dangin wannan ne, tun 22.04 Ubuntu ke zuwa da systemd-oomd, shi in ya tashi ba ya tsayawa kan kompaila ɗaya, duk tagar yake ɗaukewa.

sagelib ɗin nan da Cython aka rubuta yawancinsa, ana juya shi zuwa C da C++, wasu fayilolin in suka haɗu da laburaren C++ masu nauyi irin su LinBox da NTL guda ɗaya kaɗai sai ya ci sama da 1GB yana haɗuwa. Kai kuma ka ce su shiga takwas a tare cikin 4GB, ga burauza ƙila a buɗe. Kamar trotro ne aka ɗura masa fasinjan bas babba, ba zai hau tudu ba. Mai bidiyon nan ƙila ram ɗinsa 32GB ce.

Abu biyu za ka yi. Na farko ka ƙara swap, wato wani yanki na diski da zai riƙa karɓar rarar in ram ta cika:

`sudo fallocate -l 8G /swap2`
`sudo chmod 600 /swap2`
`sudo mkswap /swap2`
`sudo swapon /swap2`

ka sake duba `free -h` ka tabbatar ya hau, kuma ka sani in ka kashe na'urar sai ka sake swapon sai dai in ka sa shi cikin /etc/fstab. Na biyu `export MAKE="make -j2"`, in ta sake daskarewa ka sauko -j1. Ka rufe burauza. Sai ka buga make kawai, daga inda ya tsaya zai ci gaba, abun da ya riga ya gama ba zai sake ba. In diskinka irin mai juyawa ne ba SSD ba zai yi jinkiri sosai, ka yi haƙuri da shi. Kuma kar ka bar ta kan katifa tana wannan aikin, ɗora ta kan tebur ka ɗaga bayanta iska ta shiga, zafin nan kaɗai ya isa ya kashe ta.

tsohon_asawase:

Ni fa tambayata ɗaya ɗan'uwa, me ya kai ka haɗa Sage daga sos tun farko? Eh gaskiya ne 24.04 ba ta da shi a apt, 22.04 ce ke da 9.5, amma ai akwai conda-forge, rumbun manhajojin da aka riga aka haɗa. Ka sauke Miniforge ka buga `conda create -n sage sage` ka sami haɗaɗɗe, ba kompaila ba kwana kana gadi. Data zai ci kam ba kaɗan ba, amma ka je inda akwai wifi na makaranta ka gama a zama ɗaya.

Kai in ma rank kaɗai kake nema ba sai Sage ba. PARI/GP ɗin nan na mutanen Bordeaux a Faransa ƙarami ne, `sudo apt install pari-gp`, ka buɗe gp ka rubuta `E = ellinit([-25,0]); ellrank(E)` shikenan, tun siga 2.15 ellrank ke ciki. Shi kansa Sage ɗin ai PARI yake kira a ƙarƙashi don abubuwa da yawa. Kai ɗalibin lissafi ne, lokacinka na tunani ne ba na kokawa da make ba. Ra'ayina kenan.

Malam_Lissafi:

Salam. Maganar tsohon_asawase tana kan hanya, duk ɗalibin da ya zo min yau yana son Sage conda nake fara nuna masa. Amma wannan yaron ya riga ya kai sagelib, wato ya wuce mafi yawan kunsoshin, kuma sos ɗin na hannunsa ba sai ya sake sayen data ba, ina ga ya ƙarasa kawai. PARI kuma ya sa shi yau ɗin nan ya fara aiki kafin wancan ya gama, in Sage ya tashi sai ya riƙa gwada amsar wannan da ta wancan, domin Sage yana da mwrank na John Cremona, samun amsa ɗaya ta hanya biyu abu ne mai kyau a rubutun digiri.

Abun da nake so in ja hankalin masu karantawa a kai shine wannan kalmar ta "configure ya wuce lafiya". Mutane ba sa karanta ƙarshen abun da configure ya rubuta, alhali a nan Sage ke ba ka layin `sudo apt-get install` dogo da sunayen abubuwan da in ka sa su ba sai ya haɗa nasa ba. Tun da William Stein ya fara Sage a 2005 tsarinsa shine ya tattaro manhajojin da ake da su, GAP, PARI, Singular, Maxima, FLINT, NTL da sauransu ya ɗaure su da Python, toh duk wanda bai samu a na'urarka ba da kansa zai gina. In babu gfortran misali sai ya zauna ya gina maka gfortran daga tushe, awanni kenan a ƙaramar na'ura, abun da apt zai ba ka cikin mintuna. Kai yanzu ka wuce wurin, kar ka koma, amma ranar da za ka sa wa abokinka ka kwafi layin nan ka buga, sannan ka sake `./configure` kafin make.

Kuma in ka bi shawarar conda daga baya, kar ka zo kana make alhali conda na kunne a taminal ɗin, `conda deactivate` tukun, in ba haka ba sai ya ɗauko rabin laburare daga can rabi daga nan. Haka sunan folda kar ya zama da sarari a ciki, kuma ban da sudo a gaban make.

ɗan_aboabo:

Allah ya saka da alheri Malam, Anti, da yaya na Asawase. PARI na sa shi kuma yana aiki wlh na ji daɗi. Swap ma ya hau, da -j2 ta daina daskarewa tana ta tafiya a hankali. Sai dai dumso, yankewar wutar nan tamu, ya shigo tsakiyar aiki, batirin laftof ɗin kuma ba ya riƙe caji ko kaɗan, wuta na ɗaukewa ta mutu nan take. Da aka dawo da wuta na kunna na yi swapon na buga make sai ga sabon abu, wannan karon na bi ta log na nemo na farko:

`file not recognized: file truncated`
`collect2: error: ld returned 1 exit status`

sama kuma akwai gargaɗi da yawa wai `Clock skew detected. Your build may be incomplete.` Wannan kuma fa? ko yanzu kam sai an fara daga farko?

nima_kernel:

Salam, ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana na nan. Ni daga Nima nake, Fedora 42 gareni, FLINT nake so in haɗa da hannu, na san sai an fara GMP sannan MPFR sannan shi, duk ukun laburaren lissafi ne. GMP 6.3.0 tun a configure ya tsaya:

`configure: error: could not find a working compiler, see config.log for details`

alhali gcc na nan, na gwada ƙaramin firogiram ya haɗu ya yi aiki. Na cire gcc na sake sawa duk ɗaya. Me ke faruwa ne?

Anti_Mamobi:

Bari in fara da ɗan_aboabo. A'a ba sai daga farko ba. Lokacin da wuta ta ɗauke kompaila na cikin rubuta wani fayil mai ƙarewa da .o, sai ya tsaya rabi ko ma fanko. Shi make ba ya buɗe fayil ya duba cikinsa, lokacin da aka rubuta shi kawai yake kallo, in ya ga .o ya fi sos ɗinsa sabunta sai ya ɗauka an gama, ya miƙa wa ld mai ɗaure fayilolin .o wuri ɗaya, ld ya buɗe ya tarar da guntu. A farkon layin nan na file truncated akwai sunan fayil ɗin da hanyarsa, goge shi shi kaɗai da rm. Ka nemo 'yan uwansa kuma da `find . -name "*.o" -size 0`, duk wanda ya fito fanko ne ka goge. In bayan haka ya ci gaba da kawo wasu to `make sagelib-clean` sannan make, sagelib kaɗai zai sake, GAP da Singular da sauran suna nan yadda suke.

Amma kafin ka buga make gyara agogo tukun. Buga `date` ka gani, ina kyautata zaton ta koma wata shekara can baya. Akwai ƙaramin batiri a kan bod wanda ke riƙe agogo in na'ura ta mutu, a laftof na hannu sau da yawa ya riga ya ƙare, babban batirin ma ga shi ba ya aiki, toh duk ɗaukewar wuta agogo sai ya rikice, make kuma ya ga fayiloli da kwanan wata na gaba, shine yake kukan clock skew. Kar ka raina wannan gargaɗin don duk lissafin make a kan lokaci yake. Haɗa ta da intanet ko na waya ne ka buga `sudo timedatectl set-ntp true`, ka jira ka sake duba date. In ka shiga Adum masu gyara za su canza maka ƙaramin batirin. Sauran aikin kuma ka kai ta inda wuta ba ta yankewa ko ka ari UPS.

nima_kernel, naka kuma gcc ɗinka lafiya lau, sabunta ce ta yi masa yawa. Saƙon ai ya ce ka duba config.log, buɗe shi ka nemi kalmar error, kar ka tafi ƙarshen fayil ɗin don can jerin saituna ne kawai. Za ka ga `too many arguments to function 'g'`. Fedora 42 da GCC 15 take zuwa, shi kuma GCC 15 da ya fito a 2025 ya koma bin ƙa'idar C23 kai tsaye. A tsohon C in ka rubuta `void g()` baka biyu ba komai ciki ba a hana ka miƙa masa abu, a C23 kuwa ma'anarsa ba ya karɓar komai sam. GMP 6.3.0 na 2023 ne, ɗan gwajin da configure ɗinsa ke yi ya ga ko kompaila na aiki da tsohon salon aka rubuta shi, gwajin ya faɗi sai ya yanke hukunci wai ba kompaila. Maganin:

`./configure CC="gcc -std=gnu17"`

Na sa shi a CC ne da gangan, in ka sa a CFLAGS za ka ture saitunan gudu da GMP ke zaɓa wa furosesarka. Ka tabbatar m4 na nan don shi ma yana nemansa, kuma ka yi `make check` kafin install, masu GMP da kansu suna nanata wannan.

Irin wannan ba yau aka fara ba, duk tsohon sos da sabon kompaila sai ka yi zargin haka. GCC 10 ya zo da `multiple definition` a tsofaffin C sai an sa -fcommon, gfortran 10 ya fara ƙin tsohon Fortran sai da -fallow-argument-mismatch, GCC 14 na 2024 ya maida implicit declaration kuskure bayan da gargaɗi ne. Shi yasa duk mai tambaya ya riƙa haɗowa da `gcc --version`.

Sauran biyu da ke jiranka a gaba: MPFR zai iya cewa `gmp.h can't be found`, ka ba shi `--with-gmp=/usr/local`, sannan Fedora ba ta duba /usr/local/lib da kanta, in ka ga `cannot open shared object file` ka sa hanyar cikin wani fayil a /etc/ld.so.conf.d/ ka buga `sudo ldconfig`. Amma in ba wani dalili ne ya sa kake son naka GMP ba, `sudo dnf install gmp-devel mpfr-devel` ya wadatar, ka haɗa FLINT kaɗai, ya fi maka kwanciyar hankali da a ce gmp.h na wata siga laburaren na wata.

nima_kernel:

Kai Anti Allah ya ƙara ilimi, gnu17 ɗin ya wuce da shi, make check ma duk sun wuce. Dalilina ina so in gwada gudunsa a kan furosesata ne shi yasa. FLINT ɗin daga GitHub na ɗauko babu configure a ciki, ashe sai an yi `./bootstrap.sh` da autoconf da libtool, yanzu yana kan haɗuwa.

ɗan_aboabo:

Alhamdulillah jama'a ya tashi! date ɗin kuwa baya ya koma sosai, na gyara, find ya fito da fayiloli fanko na goge su da wancan guntun, na kai ta ɗakin wani abokina a kampus ta ƙarasa. Na buga `./sage` na rubuta `EllipticCurve([-25,0]).rank()` ya ba ni 1, daidai da abun da PARI ya nuna, kuma haka ya kamata tunda 5 na fitowa daga alwatika mai gefuna 3/2, 20/3, 41/6. Na gwada n = 1 ya ba ni 0. Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci.

Tambaya ta ƙarshe Anti, abokin nawa ma yana so, in kwafa masa foldar gaba ɗaya a filash ya isa?

Anti_Mamobi:

Madalla, barka. A'a kar ka kwafa haɗaɗɗen, Sage yana rubuta cikakkiyar hanyar foldar a cikin fayilolinsa, ko a taka na'urar in ka matsar da ita ko ka canza mata suna zai daina aiki. Ga shi wasu laburaren an haɗa su daidai da furosesarka, a tasa in ta girmi taka sai ya ga `Illegal instruction`. Filash mai FAT ko exFAT kuma ba ya riƙe izinin fayil da symlink. Ainihin fayil ɗin .tar.gz da ka sauke shi za ka ba shi, ya kwafe shi cikin home ɗinsa ya warware a can, ya sa kunsoshin da configure ya lissafa yadda Malam ya ce, ya duba `free -h` kafin ya zaɓi lambar -j. In ta tsaya masa ya turo layin farko na log ɗin da `gcc --version` mu duba.